Tsakanin Ikko da Akara: Haƙƙin Ido a Kan Matafiyi

Da wuya a sami wata al'umma a Afirka ta Yamma wadda ta kai Hausawa sabo da hanya, domin kuwa tun zamanin da ake kora jakuna daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, har ya zuwa yau da manyan motocin safa ke tashi daga Ikko bayan asuba su kwana a Akara, babban birnin Gana, ba a taɓa rasa ɗanmu a cikin ayari ba. Amma duk da wannan daɗewa da muka yi muna taka ƙasa, in ka zaunar da wanda ya tsufa yana zirga-zirga tsakanin biranen nan biyu, ka tambaye shi abin da ya gani, iyakacin abin da zai lissafa maka shi ne tasha, da zango, da kasuwa, da rumfar mai canjin kuɗin da ba ya cuta. Ba na zargin kowa don ya nemi halaliyarsa, gama fatauci sana'a ce mai albarka, kuma da ita aka gina zangunan da muke taƙama da su. Abin da nake ƙorafi a kansa shi ne gafalar da ta sa mutum ya biya kuɗin mota, ya sha wahalar iyakoki uku, ya isa birni irin Ikko ko Akara, sa'an nan ya koma gida bai ba idonsa haƙƙinsa ba, alhali kuwa abin da ya rage masa ya kashe bai wuce kuɗin motar haya da yini biyu ba.

Nisan da ke tsakanin biranen kimanin kilomita 460 ne, wato bai fi Kano zuwa Abuja da wani abin a zo a gani ba. Mai hali yakan hau jirgin sama, cikin sa'a guda ya sauka, bai ga komai ba sai gajimare. Ni kuwa a ra'ayina, wanda bai taɓa bin hanyar ba, ko da yana da kuɗin jirgin, ya kamata ya fara da safa, ya kuma nemi kujerar hagu kusa da taga in daga Ikko ya taso, domin a wannan ɓangaren teku take. Motocin sukan tashi daga Jibowu ko Maza-maza ko Amuwo-Odofin, su wuce kasuwar Alaba Rago inda mutanenmu suka daɗe suna sauke dabbobi, su ratsa Badagry, su isa Seme. Daga nan sai Kwatano, inda 'yan acaɓa masu riguna ruwan ɗorawa ke cika titi har mota ta rasa inda za ta sa hanci, ga kasuwar Dantokpa shimfiɗe a bakin ruwa. Sai Wida da Grand-Popo, inda itatuwan kwakwa ke jere tsakanin kwalta da teku. A Hilakonji, ƙofar Togo, matafiyi zai mayar da agogonsa baya da sa'a ɗaya, abin da yakan rikita wa waɗansu lissafin lokacin salla in ba su dubi rana ba. Faɗin Togo a bakin teku bai fi kilomita 50 da 'yan kai ba, saboda haka kafin mutum ya gama cin guzurinsa ya shiga Lome, birnin da gidajensa na ƙarshe suka jingina da shingen Aflao na Gana. Abin da ya saura shi ne a ƙetare kogin Volta ta gadar Sogakope, a biyo fili har Tema, a hau babban titin da aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah, a shiga Akara. Ƙasashe huɗu ke nan a yini ɗaya, da kuɗi iri uku, naira da sefa da sidi.

Da hanyar cikin ƙasa ɗaya take, da wanda ya tashi bayan asuba ya yi la'asar a masaukinsa cikin natsuwa. Amma galibi sai bayan lisha ake isa, wani lokaci ma dare ya raba, kuma mafi yawan abin da ke cinye yinin tsayuwa ce. Hatimi shida ake buga wa fasfo kafin a kai, na fita da na shiga a kowace iyaka, ban da katin rigakafin zazzaɓin shawara, ban da shingayen da ke tsakanin Badagry da Seme, waɗanda yawansu ya zama abin magana a jaridu shekara da shekaru. Ma'abota hanyar sun san cewa sabon fasfo, wanda ba a taɓa buga masa hatimi ba, yana da nasa farashi na daban a wurin waɗansu ma'aikata marasa tsoron Allah, farashin da babu shi a cikin kowace doka. Wannan ne ma ya sa mutane da yawa suka fi son manyan safa a kan ƙananan motoci, domin ma'aikacin kamfani ne ke tattara fasfo ya shiga ofis ya fito, fasinja na zaune. Sai dai duk wanda ya san lissafi ya san cewa abin da ake bayarwa a can ciki daga kuɗin tikitinsa ya fito.

Abin da ke ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne idan aka waiwayi tarihi. Daga 1874 zuwa 1886 Ikko da Akara ƙarƙashin gwamna ɗaya suke, kuma daga 1912 har zuwa ƙarshen shekarun 1950 fam ɗaya da sule ɗaya ake kashewa a kasuwanninsu. A farkon ƙarnin da ya wuce marigayi Alhassan Ɗantata yana loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana ya sauke a Ikko, babu wanda ya tsayar da shi sau shida a hanya. Ba ina yabon mulkin mallaka ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina nuna ne cewa abin kunya ne a ce baƙon da ya zo cin ƙasa ya fi 'yan ƙasa sauƙaƙa wa juna tafiya. Tun a 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa izinin shiga 'yar'uwarta ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, a 2018 kuma aka buɗe ofishin haɗin gwiwa a Seme da Krake don a rage jira, amma ba a cika shekara ba Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Hanyar nan kuma ta ga abin da ya fi haka muni, domin ta kanta aka koro 'yan Nijeriya daga Gana bayan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta 1969, ta kanta kuma 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka koma gida a 1983 da kayansu a cikin jakunkunan nan masu ratsi-ratsi. An daɗe ana maganar sabon titi mai layi shida daga Abijan zuwa Ikko, mai tsawon kilomita 1,028. To, Allah Ya nuna mana, amma faɗin kwalta ba ya maganin hannun da aka miƙo ta taga.

Akwai masu ganin cewa yawon kallon gari aikin marasa abin yi ne, har sukan kafa hujja da cewa malamanmu na Malikiyya sun fitar da mai tafiyar saɓo da mai tafiyar lahawu daga cikin waɗanda aka sunnanta wa ƙasaru. Maganar tana nan a littattafan fiƙihu, ba a musunta. Sai dai akwai bambanci tsakanin lahawu da i'itibari, kuma Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata. Imamu Gazali, a babin ladubban tafiya na Ihya'u, ya lissafa tafiyar ganin ayoyin Allah a bayan ƙasa cikin tafiye-tafiyen neman ilmi. Mu ma a nan gida ba baƙon abu ba ne, gama da Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, bai dawo da tsaraba ta tufafi kawai ba, sai da ya zauna ya rubuta wa mutanensa abin da ya gani. Balle ma shari'a ta sauƙaƙa wa baƙo, tun da muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba hukuncin matafiyi na kansa, yana ƙasaru. Wanda kuwa ya tsara lokacinsa, kwana uku sun ishe shi ya yi cinikinsa ya kuma ga abin da ya kamata a gani a kowane ɗaya daga biranen nan.

Babbar hujjar mutanenmu game da Ikko ita ce tsoron cunkoso da ɓata, kuma ba a ce ba su da gaskiya ba, domin birni ne wanda ruwa ya yayyanka, gadoji uku ne suka haɗa tsibirin da tudu, mafi tsawonsu gadar Third Mainland mai kilomita 11.8 wadda aka gama a 1990, kuma wanda ya hau ta a mugun lokaci zai iya yin azahar da la'asar a kanta. Danfo, ƙananan motocin nan masu launin rawaya da baƙin ratsi, su ne jinin garin, amma kwandastansu yana kiran sunayen tashoshi da wani irin sauri wanda baƙo ba ya kamawa, kuma ba shi da haƙurin maimaitawa. Acaɓa, wanda dā shi ne mafitar mai gaggawa kuma abincin dubban 'yan Arewa, an hana shi a manyan sassan birnin tun daga Yunin 2022. Duk da haka al'amura sun sauya fiye da yadda tsofaffin fatake ke zato. Tun 2008 akwai dogayen motocin BRT masu hanyarsu ta daban. A Satumban 2023 aka fara jigila da jirgin ƙasa mai amfani da lantarki daga Mile 2 zuwa Marina, tafiyar kilomita 13, wani sashenta a bisa gada, inda mutum ke hango tashar jiragen ruwa da ginin gidan wasanni na ƙasa da ke Iganmu. A 2024 kuma aka buɗe wani layin daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ke tsayawa a Agege, wato a ƙofar zangonmu. Kati ɗaya, mai suna Cowry, shi ake biya da shi a safa da jirgi. Saboda haka mai saukar Agege ba shi da sauran uzuri.

In ya isa tsibirin, ya fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, domin a can aka ajiye baƙar motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da hudojin harsashi a jikinta yadda suke. Mutanen Kano nawa ne suka raɗa wa 'ya'yansu sunan bawan Allah nan, suka yi shekaru suna sauke tumatir da albasa a Mile 12, ba su taɓa sanin cewa motar tana nan a buɗe ga kowa da ɗan kuɗin shiga kaɗan ba? Daga nan da ƙafa ake zuwa dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya a daren 1 ga Oktoba, 1960. Unguwar Obalende da ke kusa tana da alaƙa da mu fiye da yadda ake tsammani, gama nan aka zaunar da sojojin Hausawa, zuriyar rundunar da Kyaftin Glover ya kafa a 1863 daga bayin da suka kuɓuta. Rundunar nan ce tushen sojan Nijeriya, ita ce kuma aka ɗiba zuwa Gana a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, waɗansunsu suka zauna a can suka hayayyafa. Sa'an nan baƙon ya nemi titin Martins, ya yi raka'a biyu a masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894 a gaban wakilin Sarkin Musulmi na Istambul, Abdulhamid na Biyu, wanda ya ba mai ginin sarautar da ake kiran masallacin da ita. Ƙirar ginin ta Barazil ce, don maginin daga cikin bayin da suka komo daga can yake.

Wannan magana ta bayi ita ce ta sa nake ganin Badagry ta cancanci yini guda ita kaɗai, ba hange ta tagar mota ba. A can akwai ɗakunan da ake tsare mutane kafin a loda su, da sarƙoƙin da ake ɗaure su, da tsibirin Gberefu inda ake taka rairayi zuwa bakin jirgi. Irin wannan kuma akwai a Wida. Sau da yawa mukan ɗauka cewa wannan musiba ta mutanen kurmi ce, ba ta shafe mu ba, alhali a cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar nan akwai Hausawa masu yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun dillalai, har suka shirya bore a Bahiya ta Barazil a 1807, suka kuma shiga babban boren Musulmi na 1835 wanda aka yi cikin watan Ramalana. Kuma adalci ya wajabta a faɗi cewa ba a cikin waɗanda aka sayar kaɗai muke ba, a cikin masu korowa zuwa gaɓa ma akwai namu. Irin wannan wuri shi ne ainihin inda ake i'itibari, kuma ban ga yadda za a kira tsayuwa a gabansa lahawu ba.

Akara kuwa ta fi sauƙin kai ga baƙo nesa ba kusa ba. Safa takan sauke mutane a kewayen shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle, daga nan kuma babu unguwar da tiro-tiro, ƙaramar motar hayar garin, ba ta zuwa. Yaron motar yakan leƙo ta taga yana nuni da hannu, in ya juya yatsa yana zagaye to Circle za shi, fasinja ma da hannu yake amsawa, sai ka ga an yi ciniki ba a ɗaga murya ba. Tasi ana gane ta da launin rawaya a kusurwoyinta huɗu, ba ta da mita, sai a yi jinga kafin a shiga. Cunkoso akwai shi safe da yamma, amma wanda ya fito daga Ikko zai ga kamar hutu ya zo. Ga kuma harshe: a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, Hausa ce ke haɗa Dagomba da Zabarma da Kotokoli da Mosi, kuma koko da ƙosai da wake da shinkafa sun zama karin kumallon gari duka. To, wannan sauƙin shi ne tarkon, domin mutum yakan sauka Nima ya ji kamar yana Fagge, ya miƙe ƙafa, har ranar komawa ta zo bai ga teku ba.

Alhali kuwa abin gani yana jere ne a bakin tekun, a tafiyar da ba ta fi ƙarfin mai lafiya ba. Akwai makwancin Nkrumah, a tsohon filin folo inda ya yi shelar 'yancin Gana ranar 6 ga Maris, 1957, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023. A can aka ajiye mutum-mutuminsa da aka fille wa kai bayan juyin mulkin 1966, kan a gefe guda, gangar jikin a gefe guda, kuma duk mai riƙe da wani muƙami ya kamata a kai shi ya tsaya a wurin na ɗan lokaci. Gabas kaɗan akwai dandalin Baƙin Tauraro, bayansa kuma fadar Osu wadda 'yan Denmark suka gina, ta daɗe tana zaman mazaunin gwamnati. Yamma kuwa Jamestown ce, tsohon garin masunta 'yan ƙabilar Ga, da hasumiyarta mai ja da fari, da tsofaffin gidajen dutse biyu na Ingilishi da na Holan waɗanda suka fara da cinikin bayi suka ƙare a matsayin kurkuku. A ɗayansu aka tsare Nkrumah kansa, daga can kuma aka fito da shi a 1951 ya kafa gwamnati. Wanda ya gama da waɗannan ya zo Kanda ya yi magariba a babban masallacin ƙasa, wanda Turkawa suka gina bisa ƙirar masallatan Istambul aka buɗe a 2021, kusa da Nima. In Allah Ya sa yana da rabo, ya nemi iso ya gai da Limamin Limamai na Gana, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, dattijon da Kirista da Musulmi suka haɗu a kan girmama shi.

Laifin dai ba na matafiyi ne shi kaɗai ba. Kamfanonin safa suna sayar da kujera ne kawai, babu wanda ya taɓa tunanin ya ba fasinja 'yar takarda mai taswirar inda zai sauka da motocin da zai hau, ko ya sanya tsayuwar salla a cikin tsarin tafiyarsa maimakon a bar ta ga halin direba. Masu masauki a zango kuma, waɗanda al'adarmu ta ɗora wa nauyin baƙo tun daga abincinsa har cinikinsa, ba su ɗauki nuna masa gari a cikin wannan nauyi ba, wataƙila don su ma ba su gan shi ba. Ina kira ga Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba, da takwarorinsu na Nima da Sabon Zango, da su zaɓi samari masu ilmi da ladabi daga cikin 'ya'yan zango, waɗanda suka iya harshen gari suka kuma san hawa motocinsa, a koya musu tarihin wuraren nan, su riƙa raka baƙi da lada sananne. Sana'a ce ta halal, kuma samarin da aka raba da babura suna nan suna neman abin yi. Kai kuma mai karatu, in tafiyar nan ta kama ka, ka sabunta katinka na rigakafi tun kana gida, ka riƙe 'yan sefa a aljihu saboda hanya, ka ƙara kwana biyu a kan lissafinka, ka kuma tafi da ɗanka in ya isa tafiya.